Ranar da Na Ƙi Furar Inna

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Asalinmu makiyaya ne da suka zauna a Garo tun zamanin kakanni. Shanun sun ƙare sai 'yan ƙalilan, yaren ma ya bi su, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, a ɗakinta na tashi, ita ta yi mini wanka da tsarki, ita ta yi jinyata lokacin ƙyanda. Idan Inna tana da magana da ni, sai ta nemi wanda za ta jingina ta a kansa, ta ce, "Ku ce wa wancan ya zo ya ci abinci." Da na girma na koma Gwarzo na buɗe shagon taki da maganin feshi, sai na samu sabon suna a bakinta, na zama mutumin Gwarzo.

Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, haka na ga ana yi a kowane gida na danginmu. Kuma abin da bakinta ba ya faɗa, ƙwarya tana faɗa. Duk ranar da na je Garo, kafin in gama gaisawa da mutanen zaure, zan tarar an ajiye mini fura a ɗaki, damun hannunta, mai kauri, nono ya ji, citta da kanumfari suna tashi. Ba ta taɓa tambayata ko lafiya nake ba. Ƙwaryar take dubawa idan an mayar mata. In na shanye, lafiya lau nake. In na rage, kafin in kai Gwarzo an bugo wa maiɗakina waya ana tambayar me ke damun mutumin.

Ƙanena shi ne nata. Da shi take hira, shi take yi wa faɗa, shi take kira da sunansa na yanka da na wasa. Shi ya zauna a Garo yana noma, yana kula da sauran shanun. Wata shekara ya fara ganin jini idan ya zaga. A wajenmu duk jinin da ya biyo ta nan sunansa basir, kuma kowa likitan basir ne, daga mai shayi har liman. Ya sha saiwa, ya sha sassaƙe, ya sha na masu lasifika da ke baza kwalabe ranar kasuwa. Yana sha yana ramewa, har hularsa ta yi masa yawa. Lokacin da muka kai shi Kano, likita ya ce ciwon daji ne a hanji, kuma ya riga ya bazu. Muka dawo da shi gida.

A kwanakinsa na ƙarshe ba abin da ke shiga cikinsa sai furar Inna, ita ma 'yar kaɗan. Wata safiya ta miƙa masa, ya sa bayan hannu ya ture ƙwaryar a hankali. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallo. Inna ta ɗauki faifai ta rufe, ta ce, "To." Bai daɗe ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Mu biyu kaɗai ta haifa.

Likitan da ya duba shi ya faɗa mini tun a lokacin cewa irin wannan ciwo yana bin jini, ya kamata ni ma a leƙa hanjina. Na ce masa to, irin to ɗin da ake ce wa likita a bakin ƙofa. Aka yi damina, aka yi kaka, aka sake yin wata. Sai a wata bazara, ana tsakiyar zafi mangwaro ya cika gari, na zaga da safe na ga jini.

Ina so in ce gabana ya faɗi, amma bai faɗi ba. Na tsaya ina kallo kamar jinin wani ne. Na yi tsarki, na fito, na karya, na tafi shago. Ranar na yi ciniki sosai, don manoma sun fara tanadin taki. Na yi gardama da wani a kan maganin ciyawa, har na yi dariya. Da na dawo gida na faɗa wa maiɗakina, da muryar da nake faɗa mata cewa gishiri ya ƙare. Ita ce ta zauna daɓas a bakin gado, ita ce ta yi salati. Ni kuwa ina tsaye ina mamakin yadda ko a jikina.

Ita ta tasa ni gaba har Kano. Likitan da muka samu matashi ne, sa'an ɗana, mai magana a hankali kamar yana lallashin yaro. Ya ce za a zura wani siririn tiyo mai kyamara a kansa, ta dubura, a bi hanjin a duba shi kaf. In an ga wani tsiro, a cire shi nan take. Za a yi mini allura, barci zai ɗauke ni, ba zan san ana yi ba.

"Alhaji, kada ka ji tsoro," in ji shi. "Aikin ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne shirin, kuma wannan naka ne, ba nawa ba."

Ya ce dole hanjin ya fito tas, in ba haka ba kyamara ba za ta ga komai ba, ko kuma ta wuce abin da ake nema ba ta gan shi ba. Kwanaki kafin ranar, ban da gero, ban da dawa, ban da wake, gyaɗa, zogale da miyar kuka. Wato duk abin da Bahaushe ke kira abinci. Jajibirin ranar kuwa ba cin komai, sai ruwa, sai shayi ba madara, sai romo tsagwaronsa da aka tace. Ban da zoɓo, don ja ne, zai yi kama da jini. Ban da kunu, ban da nono. Sannan ya ba ni garin magani da zan dama a ruwa mai yawa in sha da yamma, in sake sha da asuba.

"In ka karya doka ko da loma ɗaya, zan gani," ya ce yana murmushi. "Kuma zan mayar da kai gida, ka sake bin layi. Layin nan kuwa da tsawo."

Ni wannan na fahimce shi fiye da komai. Na san tankin feshi. In ka fesa maganin ciyawa ba ka wanke tanki ba, ka zuba na ƙwari ka shiga gonar wake, ka gama da waken. Sai ka yi ta ɗauraya har ruwan ya fito fari. Na ce wa likitan na gane.

Daga ranar kowa ya duƙufa kwantar mini da hankalin da bai tashi ba. Maiɗakina tana ta kawo mini labarin wata maƙwabciyar ƙanwarta da aka yi wa, ta tashi tana neman tsire. Mutanen majalisarmu ta ƙofar shago, da suka ji, suka kasu kashi biyu. Wasu suka ce wallahi su ko mutuwa za su yi, ba mai ɗaukar musu hoto ta wannan hanya. Wasu suka ce in roƙi likita ya wanko mini hoton in manna a shago kusa da kalanda. Wani dattijo ya matso ya raɗa mini cewa yana da wani sassaƙe, kwana kaɗan basir zai kama gabansa. Na dube shi kawai. Na san sassaƙen, na san ɗacinsa ma, don na taɓa ɗanɗana na ƙanena.

Ina jin su duka, ina amsawa, ina dariya inda ya kamata. Amma kamar akwai bango tsakanina da su. Ina salla, ina roƙon Allah sauƙi, bakina na faɗa, ƙirjina shiru. Wani lokaci ina auna taki sai in ce a raina, wataƙila abin da ya ci ƙanena yana nan cikina yana girma. Sai in jira in ji ko wani abu zai motsa. Ba abin da ke motsawa, sai in ɗaure bakin buhu in miƙa wa mai shi.

Ban faɗa wa Inna ba. Ta ina zan fara? Mutumin da bai taɓa ce wa uwarsa kansa na ciwo ba, shi zai zauna ya yi mata bayanin dubura? Maiɗakina ce ta ga bai dace a kai ni asibiti uwa ba ta sani ba, ta buga waya Garo ta ce za a duba cikina a Kano, a taya mu da addu'a. Iyakar abin da ta ce ke nan, ita ma da kunyar suruka a bakinta.

Jajibirin ranar ban buɗe shago ba. Da hantsi ina zaune a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, ina kurɓar shayi ba madara, yunwa ta fara yi mini sallama, sai na ji sallamar Inna a zaure. Inna ba ta zuwa gidana. In ba suna ake yi ba, ba ta taka Gwarzo, ko sunan ma a gidan maƙwabta take wuni. Ga ta nan ta shigo, ta sha hanya a bayan babur, ƙafafunta sun yi furu-furu, ta rungumo ƙwarya ɗaure da zane.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon darbejiya. Ta gaisa da maiɗakina doguwar gaisuwa, ta tambayi yara, ta tambayi zafi, ta tambayi kasuwa. Sannan ta zauna a tabarma, ta kwance zanen, ta ɗauke faifai. Ƙamshin ya taso ya same ni har inda nake. Ta sa ludayi ta juya, ta tura ƙwaryar gaba kaɗan.

"Ki ba mutumin Gwarzo," ta ce wa maiɗakina. "Da asuba aka tatso."

Maiɗakina ta dube ni, ta dubi ƙwarya. Ta ce, "Inna, ai yau likita ya hana shi cin komai."

Inna ta ce, "Wancan ma haka aka ce."

Gaskiya ta faɗa. Akwai kwanakin da aka kwantar da ƙanena a asibiti aka hana shi ci, aka rataya masa ruwa. A wajen Inna hana ci da ƙin ci duk hanya ɗaya suke bi, kuma ta san inda hanyar take ƙarewa.

"Fura ai ba abinci ba ce," in ji ta. "Ruwa ce. Ya sha ko ludayi ɗaya."

Maiɗakina ta ɗauko ƙwaryar, don ba ta da yadda za ta yi, ta ajiye a gabana. Na kalli furar. Na ɗauki ludayin, har na cika shi. Raina yana ce mini ludayi ɗaya me zai yi, ga ruwan magani da zan sha anjima wanda zai wanke ko dutse ne. In na sha, tsohuwar nan za ta hau babur ta koma Garo ta yi barci. Amma ina ganin dusar geron tana yawo a cikin nono, 'yan mitsi-mitsi, irin waɗanda likita ya ce suna maƙalewa a jikin hanji su rufe abin da ake nema. Na tuna layi mai tsawo. Na tuna wanda ya isa layin a makare.

Na mayar da ludayin. Na sa hannu na ture ƙwaryar a hankali, kuma sai da na ture na lura da bayan hannu na yi.

Inna ba ta kalle ni ba, amma ta gani. Ta miƙo hannu ta jawo ƙwaryar, ta ɗauki faifai ta rufe. Ta ce, "To."

Muryar ce sak, irin ta waccan safiya. Na ji ta, na gane ta, kuma ko a nan ƙirjina bai motsa ba. Abin da na sani kawai shi ne ba zan bar ta ta zauna da wannan to ɗin har gobe ba. Sai na juya wajen maiɗakina, na ɗaga murya yadda za a ji, na yi abin da Inna ta koya mini tun ina yaro, na jingina maganata a kan wani.

Na ce, "Ki faɗa wa Inna ba ƙin ci na yi ba. Yunwa nake ji kamar in ci ƙwaryar. Ki ce mata gobe za a zura tiyo mai ido ta wajen bayan gida a duba hanjina, kuma in akwai ko ƙwayar gero a ciki, ba za a ga komai ba. Wanke shi nake yi, kamar yadda ake wanke tankin feshi."

Maiɗakina ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji. Ban taɓa ambaton wannan wuri a gaban Inna ba, ba na jin akwai ɗan fari a danginmu da ya taɓa yi. Kaza ta zo ta wuce ta tsakaninmu. Inna tana murza bakin zanenta.

Ta ce wa maiɗakina, "Ki tambaye shi, in an ga wani abu fa?"

"A cire shi a take, in ƙarami ne."

"To wancan me ya hana a cire masa?"

Wannan ban bi ta kan kowa ba. Na ce, "Mun makara ne, Inna."

Sai ta tura wa maiɗakina ƙwaryar ta ce a ba yara. Na ɗauka za ta ce a nemo mata mai babur. Sai ta cire mayafinta ta ninke, ta ce a nuna mata inda za ta yi azahar.

Bayan la'asar na dama maganin a babban jug. Ɗanɗanonsa kamar an zuba gishiri da sukari a ruwan da aka wanke lemo, da farko ka ce ba laifi, kafin ka kai rabi ka fara tunanin wanda ya ƙirƙiro shi da abin da aka yi masa. Na yi ta kurɓa ina hutawa. Na ɗan jima ba abin da ya faru, har na fara cewa ko nawa cikin ya fi ƙarfin maganin Turawa. Sai cikin ya yi wata ƙara, na miƙe ba shiri.

Daga nan ba ni da wurin zama sai tsakanin tabarma da bayi. In fito, in zauna, in ɗauki kofi, in ajiye, in koma. Sallar magariba sai da na yi mata dabara, na yi alwala a bakin bayi na tayar a nan kusa, na karanta gajerun surori, Allah ya sani. Ƙafafuna suka yi sanyi, wurin ya fara zafi kamar an shafa barkono. Maiɗakina tana ta kai da kawo da romo da ruwa, tana cewa sannu har na ce ta ajiye sannun ta huta.

Abin da na lura da shi shi ne buta. Duk lokacin da na zo ƙofar bayi, zan same ta cike, kuma ruwan da ɗumi, ba zafi ba sanyi, daidai yadda wurin da ya ji jiki yake so. Na ɗauka maiɗakina ce. A wani zuwan na fito da wuri, sai na ga Inna a duƙe a bakin murhu, ta ba ni baya, tana tsiyaya ruwan zafi daga tukunya cikin butar, tana sirkawa, tana ɗiga a bayan hannunta ta ji. Haka ake gwada ruwan jariri. Ta kai butar ta ajiye a ƙofar bayi, ta koma tabarmarta tana jan carbi, ba ta dubi inda nake ba. Ni ma na yi kamar ban gani ba.

Na tsaya a raina ina cewa, wannan matar ba ta taɓa yi mini tsarki ba ko ina cikin zanen goyo, kakata ce ta yi. Na san abu ne da ya kamata ya taɓa ni. Na ajiye shi a gefe kamar kayan da za a zo ɗauka daga baya, don cikina ya sake kira. Maiɗakina ta faɗa mini daga baya cewa tuwon da aka kai wa Inna ranar haka aka ɗauke shi, ruwa kawai ta sha.

Da asuba na shanye sauran maganin. Kafin gari ya waye sosai abin da ke fita ya zama ruwa zalla, fari mai ɗan rawaya, har kana iya ganin ƙasan kwanon masai. Tanki ya wanku. Na yi wanka na sa kaya, jikina sakayau kamar buhun da aka zazzage. Da za mu fita na tsaya a ƙofar ɗakin da Inna ta kwana na ce mun tafi. Ba ta fito ba. Daga ciki ta ce, "Ku ce masa Allah ya kiyaye hanya."

Duk tsawon hanyar Gwarzo zuwa Kano, tsoro ɗaya ne ya ziyarce ni, kada cikina ya motsa a cikin motar haya. Ina kallon gonaki an share su ana jiran ruwa, ina lissafin inda mutum zai iya ɓuya in ta kama. Maiɗakina tana gefena tana ta karanta addu'o'i ƙasa-ƙasa. Ta kama hannuna a ƙarƙashin mayafinta, abin da ba ta taɓa yi a cikin mutane ba, ta ce hannuna sanyi. Na ce yunwa ce.

A asibiti aka ba ni wata riga mai tsaga a baya, wadda duk girman mutum in ya sa ta ya zama yaro. Wani bawan Allah da ke zaune kusa da ni, wanda wannan ne zuwansa na biyu, ya ce, "Malam, ka gama mai wuyar tun jiya. Yanzu barci kawai za ka yi, mafi daɗin barci." Na gode masa. Aka kira ni, aka ce in kwanta a gefen hagu in naɗe gwiwa. Ma'aikaciyar jinya ta sa mini allura a hannu tana tambayata nawa buhun taki yanzu. Na buɗe baki zan faɗa mata.

Sai na ji ana kiran sunana, ana ɗan bubbuga kafaɗata. Na ce yaushe za a fara? Suka ce an gama. Cikina cike da iska, ina ta sakinta ba kunya, su kuwa suna cewa madalla, ci gaba. Ban ji ciwo ba, ban tuna komai ba.

Likitan ya zo ya zauna, maiɗakina na tsaye. Ya ce hanjin ya wanku tas, ya ga ko'ina. Ya nuna mana hoto, wani wuri ja mai sheƙi, da ɗan tsiro a jikinsa kamar ƙwayar wake. Ya ce shi ne mai zubar da jinin, ya cire shi, za a kai a auna. Ya ce irin wannan ne in aka bar shi shekaru yake zama abin da ya kashe ƙanena, amma ga dukkan alamu mun riga shi. Haka kuwa awon ya nuna daga baya. Maiɗakina ta fashe da kuka tana hamdala. Ni na dubi ƙwayar waken na ce a raina, ashe kai ne. Na ce alhamdu lillahi, na tambaya ko zan iya cin abinci. Ya ce in fara da mai sauƙi.

Mun iso gida rana ta yi sanyi. Inna tana ɗaki a kan tabarma, inda muka bar ta. Maiɗakina ta durƙusa ta ba ta labari duka, ta nuna girman abin da ɗan yatsanta. Inna ta ce, "An cire?" Ta ce an cire. Ta ce, "Duka?" Ta ce duka, Inna. Sai maiɗakina ta miƙe ta ce bari ta leƙa maƙwabta ta faɗa musu, don tun safe suke aike. Yara suna makarantar allo. Gidan ya rage daga ni sai Inna.

Rabon da mu zauna mu biyu a ɗaki ɗaya, ban san ranar ba, wataƙila ba a taɓa yi ba. Na zauna a bakin ƙofa. Ta jawo ƙwarya daga bayanta, sabon damu, ashe tun da rana ta aika Garo aka kawo mata nono. Ta ɗauke faifai, ta juya da ludayi, ta turo ta tsakiyar tabarma. Ta kalli bango ta ce, "Ku ce masa ya sha."

Ba kowa a ɗakin da zai ce mini. Na matsa na ɗauki ƙwaryar. Na cika ludayin. A nan tsoron ya iso. Duk wanda ban ji ba tun safiyar da na ga jini, da na ofishin likita, da na jiya, har da wanda ban ji ba ranar da muka binne ƙanena, ya zo gaba ɗaya ya zauna mini a ƙirji. Na ji tsoron mutuwa, na ji tausayin tsohuwar nan da saura kaɗan ta rufe ƙwarya ta biyu har abada. Hawaye suna zuba cikin furar, ina sha da su. Inna tana kallon bango, amma duk haɗiyar da na yi sai na ga maƙogwaronta ya motsa.

Na shanye tas, na ajiye. Ta jawo ƙwaryar ta leƙa ciki, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta goge idonta da bakin mayafi, ta ce, "Ku ce masa akwai ƙari."